Ɗaki ɗaya, ɗakuna biyu ko gidan haya na kwanaki: ina za ka sauke iyali in tafiya ta kama?

Wajen ƙarfe goma na dare muka shiga Garwa daga Marwa, mu shida: ni, maiɗakina da goyonta, Inna, babban ɗana mai shekara 13, da ƙanwarsa mai shekara 8. Rakiyar Inna muka zo, za ta sauke farali, alhazan arewacin Kamaru kuwa daga filin jirgin Garwa suke tashi. Tun da saura mako guda na buga waya wani otal na ce a ajiye mini babban ɗaki, aka ce an ajiye. Mu nawa ne za mu kwana a ciki, ban faɗa ba, su ma ba su tambaya ba.

Yaron da ke teburin karɓar baƙi ya ɗago kai ya ƙirga mu da ido, ya sake ƙirgawa.

"Alhaji, ɗakin nan na mutum biyu ne."

"Haba ɗana, yara ne fa. Ga tabarma ma mun taho da ita."

"Wallahi Baba ba daga ni ba ne. Jaririn ba na lissafa shi, yarinyar ma sai in kau da kai. Amma Hajiya da wannan saurayin, sai dai a buɗe wani ɗakin."

Saurayin da yake nufi ɗana ne, wanda har gobe a gida shi ake aika sayen gishiri. Na buɗe baki zan ja magana, Inna ta ce, "Kai dai biya mu kwanta, ƙafafuna sun kumbura." Na biya. Sai da na kwanta na yi wa kaina tambayar da ta kamata in yi tun a Marwa: da yaron ya yarda, a ina zan kwantar da mahaifiyata, ga ni ga matata a ɗaki guda? Araha na hango, ban hango kwanciyar ba.

Tun daga ranar na gane cewa magidanci mai tafiya da iyali ƙa'ida biyu yake fuskanta. Akwai ta otal, mai ƙirga kawuna. Akwai ta gida, mai duba wa zai iya kwana kusa da wa. Ta gidan ta fi tsanani sau da yawa, kuma ita ya kamata a fara warwarewa kafin a tambayi farashi.

Ta otal ba ta da lamba guda da kowa ke bi, kowane gida da tsarinsa. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne, ɗakin da ake ce wa dubul, ko mai babban gado ɗaya ne ko mai ƙananan gadaje biyu, na mutum biyu ne. Na uku sai an kawo katifar ƙari, ita kuma da kuɗinta, in ma ɗakin yana da filin shimfiɗa ta. Yara kashi uku ake yi musu. Na goye yawanci ba a cajinsa. Ƙaramin yaro ana barinsa ya raba gado da iyayensa kyauta har zuwa wasu shekaru, kuma a nan bambancin yake: wani otal ya tsaya a shekara 6, wani ya kai 12. Wanda ya haura, babba ne a idon mai teburi, ko da a gida bai fara azumi ba. Kalmar "kyauta" ɗin ma a kula da ita. Ma'anarta yaron zai kwanta a gadon da ke nan, ba gado za a ba shi ba, kuma karin kumallon da aka ce yana cikin kuɗin ɗaki na mutum biyun ne kawai.

Na daɗe ina ɗaukan wannan a matsayin son kuɗi tsagwaronsa. Da son kuɗin, amma ba shi kaɗai ba ne. Kowane baligi da ya sauka sai ya miƙa katin shaida ko fasfo an rubuta shi a takardar nan da ake ajiyewa saboda 'yan sanda. In aka zo bincike da dare aka tarar da mutum biyar a ɗakin da takarda ta ce biyu, mai otal ne zai amsa tambaya, yaron teburi kuma aikinsa ne zai tafi. In gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, da wannan takardar za a san ko an fitar da kowa. Ga ruwa: mutum shida masu wanka da alwala sau biyar ba ɗaya suke da mutum biyu ba a garin da famfo ke ɗaukewa. Don haka dabarar da wasu ke yi, maigida ya karɓi makulli shi kaɗai, daga baya a riƙa shigo da yara ɗaya bayan ɗaya kamar kayan fasa-ƙwauri, ban ga ribarta ba. Maigadi yana gani. Ƙarshenta a ƙwanƙwasa maka ƙofa tsakar dare a gaban 'ya'yanka, ka biya abin da ka gudu, ka ƙara da kunya.

Sai haraji, wanda ke ɓoye a bayan farashin da aka faɗa maka a waya. A Kamaru akwai harajin kaya da hidima na kashi 19.25 cikin 100, akwai kuma harajin kwana da aka shigo da shi a 2017, wanda ke hawa gwargwadon taurarin otal: ya fara ne daga sefa 500 a ƙananan masaukai zuwa 5,000 a mai taurari biyar. Wani otal ya riga ya cusa su cikin farashi, wani sai ranar tafiya zai ɗora maka. In ɗaki biyu ka kama na kwana uku, abin da ka raina ya taru. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: jimlar da zan biya ranar fita nawa ce?

Ƙa'idar gida kuwa ba sai an koya wa Bahaushe ba, sai dai a tuna masa, domin gajiyar hanya da ƙarancin guzuri kan sa a yi mata rangwame. Hadisi ya zo da umarnin raba wa yara makwanci idan sun kai shekara 10. Aya ta 58 a Suratun Nur ta ambaci lokuta uku da yara ma sai sun nemi izini kafin su shiga wa iyayensu: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan isha. Ɗakin otal guda ba shi da ƙofar da za a tsaya a yi sallama. Ka ɗora surukuta a kai: matarka ba za ta sake a gaban mahaifiyarka kana nan ba, kai kuma ba za ka kwana ɗaki ɗaya da uwar matarka ba ko da kyauta aka ba ka. Ga 'yar riƙo da ta fara girma, ga yarinyar da ke taya raino, ga direba. Mai mata biyu da ya kwaso su tare kuwa, shi lissafinsa a gama yake tun daga gida: ɗaki biyu, farashi ɗaya, hawa ɗaya, in da hali ma taga ɗaya suke kallo, don in na ɗaya yana da na'urar sanyi na ɗayar fanka ce, maganar za ta riga shi komawa Marwa.

Ɗaki ɗaya da katifar ƙari shi ne mafi arha, kuma yana da muhallinsa: miji da mata da yara biyu ƙanana da ba su kai goma ba, kwana ɗaya ko biyu. A nan ba na ganin dalilin ɓarnar kuɗi a ɗaki na biyu, tunda ba za ka bar ɗan shekara 5 shi kaɗai a bayan wata ƙofa ba, otal mai hankali ma ba zai yarda a bar yara a ɗaki babu babba ba. Sai dai gari da lokaci suna sauya hukuncin. Ngaundare tana kan tudu, sama da mita 1,000, dare na da sanyi, mutum huɗu a ɗaki mai fanka sai su yi barci har da lulluɓi. Gangaro dutsen nan ka iso Garwa a kwarin Binuwai cikin Maris ko Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40, ɗaki ɗaya da numfashin mutum huɗu ya zama tanda. Na'urar sanyi ma sai da wuta. Lantarkin arewa ya dogara sosai da madatsar Lagdo, in ruwanta ya ja baya sai a shiga rabon wuta, don haka a tambaya ko akwai janareta, a kuma ƙara tambaya: yana ɗaukan na'urar sanyi ko fitila da fanka kaɗai? Da damina kuma wata matsalar ce. Gidan sauro, in akwai, a saman gado aka rataye shi. Yaran da aka shimfiɗa wa katifa a ƙasa su ne abincin sauro, su ne kuma zazzaɓi ya fi kayarwa. Maiɗakina yanzu ba ta tafiya sai da gidan sauro da 'yar igiya a jaka, ta ɗaura daga ƙarfen taga zuwa hannun kabad.

Ɗakuna biyu su ne abin da yawancin iyalanmu ke ƙarewa a kai, ko sun shirya ko ba su shirya ba. Kyansu shi ne rabon da muka saba: mata da ƙananan yara a ɗaya, maza a ɗaya. Banɗaki biyu, wanda duk wanda ya taɓa jiran layin alwalar asuba a bayan mutum biyar ya san darajarsa. Amma "ɗakuna biyu" magana ce mai faɗi. Akwai masu ƙofa a tsakani, ka shiga wancan ba tare da ka fita baranda ba. Waɗannan su ne na gari, sai dai ba kowane otal ke da su ba, inda suke ma ba su da yawa. Akwai na jere, ƙofa kusa da ƙofa. Akwai kuma wanda za a ba ka lamba 4 a ƙasa, a ba matarka lamba 27 a hawa na biyu, kusa da wasu matasa da suka zo kallon ƙwallo. A daren da na ba da labari haka aka yi mana, kuma Inna mai ciwon gwiwa ce aka tura sama, sai da muka yi musanya. In da tsoho a tafiyar, a nemi ƙasa tun a waya. A kuma tuna ba dole ɗakunan su zama iri ɗaya ba: tsohuwa da mai jego da jariri su shiga mai na'urar sanyi, kai da samarinka ku rungumi fanka. Wannan dabarar ita kaɗai tana rage kuɗi sosai, kuma babu wanda zai zarge ka.

Ciki da falo, wanda manyan otal ke sayarwa da tsada, a ido kamar shi ne maganin komai: mata a ciki, maza a falo, ƙofa a tsakani, makulli ɗaya. Wani lokacin haka ne. Amma kafin ka biya, tambayi inda banɗakin yake. A mafi yawansu yana can cikin uwar ɗaka, domin an gina su ne don mutum biyu masu son wurin karɓar baƙi, ba don iyali ba. Ke nan duk wanda fitsari ya kama a falo da ƙarfe uku na dare sai ya ratsa ta kan mata. In mahaifiyarka ce da matarka, da sauƙi. In surukarka ce, ka sayi wahala da kuɗinka. Sannan girman wurin ba ya nufin an ƙara yawan mutanen da aka yarda su kwana. Akwai ciki da falon da a takarda na mutum biyu ne, kujerar falon kuma ba gado ba ce. Ni dai ina ganin ya dace da miji da mata da 'ya'yansu na cikinsu, uku ko huɗu, in an tabbatar za a kawo katifa.

Gidan haya na kwanaki, wanda aka fi sani da mebile, shi ne ya sauya lissafin a 'yan shekarun nan. Garwa ta ƙaru da masaukai tun lokacin gasar cin kofin Afirka ta Janairun 2022, da aka buga wasanni a filin Rumde Ajiya, 'yan Najeriya suka cika gari suna bin ƙungiyarsu har Tunisiya ta fitar da ita. A Marwa da Ngaundare ma ana samunsu, garuruwa ne masu jami'a da baƙi ba sa yankewa. Abin da kake kamawa gida ne sukutum: ɗaki biyu ko uku, falo, kicin da tukwane da gas, firiji. Kuɗin na gidan ne, ba na kai ba, duk da cewa mai gidan zai tambayi yawanku kuma yawanci zai hana taron biki.

Fifikonsa na farko kicin ne. Otal ba ya yarda a kunna risho ko a shigo da tukunyar gas, wasu ko abin dafa ruwa na lantarki ba sa so. To wanda ya kawo mara lafiya asibiti, likita ya hana shi gishiri da mai, ko mai jaririn da ke shan kunu sau huɗu a rana, yaya zai yi da abincin sayarwa? A mebile maiɗakina takan aiki yaro kasuwa ya sayo gero da tsamiya da kifin Binuwai, kafin azahar gida ya ɗau ƙamshi kamar muna Marwa. Na biyu, baƙi. Bahaushe ba ya sauka a gari a ce 'yan uwa ba su zo gaisuwa ba, balle rakiyar alhaji ko jinya. Otal da yawa ba sa barin baƙo ya wuce zauren karɓar baƙi, ko su sa lokacin da za a fita, kuma zauren nan sau da yawa yana jingine da mashaya, ga kiɗa ga kwalabe. Ka yi tunanin Gwaggo da lulluɓinta zaune a wurin tana jiran a kira ka. A mebile kuwa sai a shimfiɗa tabarma a falo, a kawo shayi. Na uku, wanki: kayan jariri na kwana huɗu ba abin shanyawa a kan ƙofar banɗakin otal ba ne.

Aibinsa ma ba kaɗan ba ne, kuma masu tallarsa a Facebook ba za su faɗa maka ba. Ana karɓar kuɗin ajiya kafin a ba ka makulli, a mayar maka ranar fita in ba a fasa komai ba. Mai yara ƙanana ya ƙirga kofuna da faranti tare da mai gidan tun ranar shiga, ya ɗauki hoton duk abin da ya tarar a fashe. Wani gidan mitarsa ta kati ce, kai za ka riƙa sayen wuta, na'urar sanyi kuwa ba ta da tausayi. Babu mai teburi da zai tashi tsakar dare in famfo ya fashe, wani gidan ko maigadi babu. Wasu ba sa bayarwa na kwana ɗaya. Mafi muni, akwai masu ɗora hoton gidan da ba nasu ba, su karɓi kafin alƙalami ta Orange Money ko MoMo, ka iso da iyali lamba ta daina shiga. Gani ya kori ji: ka tura ɗan uwa ko abokin ciniki ya taka ƙafa ya ga gidan, ya buɗe famfo, ya ga mai shi ido da ido, sannan ka tura ko sisi.

Bari mu sa lambobi, na misali ne, kowa ya cire ya sa na garin da zai je. A ce ɗaki mai na'urar sanyi jaka 20 ne, wato sefa 20,000, mai fanka jaka 10, katifar ƙari jaka 5, ciki da falo jaka 35, mebile mai ɗaki biyu shi ma jaka 35. Iyali irin nawa, kwana uku. Ɗakuna biyu masu sanyi da katifa ɗaya: jaka 45 a dare, 135 ke nan. Ciki da falo da katifa: 40 a dare, 120, in an yarda da yawanmu. Ɗaya mai sanyi da katifa, ɗaya mai fanka: 35 a dare, 105. Mebile: 105, da kuɗin ajiya da zai dawo, da ɗan abin wuta. Ka ga na ƙarshen biyu sun yi kunnen doki a kuɗin kwana. Abinci ne ke raba su: baki biyar suna cin na sayarwa sau uku a rana, da tukunya ɗaya da aka ɗora a kicin, ba a haɗa su. A kwana ɗaya bambancin bai kai wahalar neman mebile da ƙirga cokula ba. Daga kwana uku zuwa sama, kowace rana tana ƙara rinjayar da shi.

Akwai ƙananan masaukai na unguwa, masu arha ƙwarai, inda ba mai ƙirga ku, ko ku goma ne. Wasunsu tsaf suke, na matafiya ne na gaske, musamman na kusa da tashoshin mota. Wasu kuwa da awa ake hayar ɗakunansu da rana, kuma abin da yaranka za su gani a baranda ba abin da za ka iya goge musu ba ne. Rashin ƙa'idar yawan mutane ba kullum alheri ba ne, wani lokacin alama ce ta wurin da ba a tambayar kowa komai. Ɗan moton da ya ɗauko ka daga tasha ya san kowanne. Ka ce masa da iyali kake, ka ga ko zai sauya hanya.

Gidan 'yan uwa fa? Shi ne asalinmu. Kakanninmu fatake ba su san otal ba, zango suke sauka wurin fatoma, ya ba su ɗaki, ya nemo musu mai saye, ya ci ladansa. Har yau wanda ya je Yawunde yana da wanda zai nema a Birkitiri, unguwar Hausawa, kuma a Garwa ko Ngaundare in ka kama otal ba ka sanar ba, sai an yi maka ƙorafin ka mayar da zumunci baya. Sai dai gidajen birni sun matse. Ka sauke mutum shida a kan mai ɗaki biyu, 'ya'yansa za su koma kwana zaure, matarsa ta kwana uku a tsaye a madafa, ba kuma za su taɓa faɗa maka ba. In ka haɗa tsaraba da cefanen da ya kamata ka yi da ɗan abin da za ka damƙa wa yara ranar tafiya, kyautar ba kyauta ba ce. Abin da na ga ya fi zama lafiya shi ne a raba: tsohuwa da mata su sauka gidan dangi, inda za su fi sakewa a samu hira, maza su kama ɗaki mai fanka a kusa. An sada zumunci, ba a kashe mai gida ba. In jinya ce mai tsawo kuwa, ko tari ne ko wani ciwo mai yaɗuwa, kada kunya ta sa a kai shi gidan da ke da yara.

Hanya ma tana da nata hukuncin. Jirgin ƙasan da ke tasowa daga Yawunde da yamma, ya ci kilomita 622, da safe yake isa Ngaundare, otal kuwa bisa al'ada sai tsakar rana mai fita ke fita, mai shiga ya shiga bayan an gyara. Ka iso da yara a gajiye ƙarfe tara, a ce ka jira har azahar ko ka ƙara kuɗi. A yi wannan maganar tun a waya. In kuwa wucewa za ku yi Garwa ko Marwa a motar ajans, wato ta kamfanin sufuri, wanka da hutun 'yan awanni kawai kuke so, ɗaki ɗaya ya isa, mata su shiga su fito, maza su shiga, amma a faɗa wa mai teburi gaskiyar abin da ake nufi. Masu zuwa Njamena kuma da yawa sukan gwammace su kwana a Kuseri, inda masauki ya fi sauƙin kuɗi, da safe su haye gadar Ngeli. Kuɗin ɗaya ne, sefar ɗaya ce a Kamaru da Chadi, sai dai iyakar ba ta kwana a buɗe, wanda ya yi yamma a can ya shirya kwana a can. Ga mai iyali babba da ke buƙatar ɗaki biyu ko uku, bambancin farashin gaɓa biyun nan na kogin Logon ninkuwa yake yi.

Takardu kuma a haɗa su jaka ɗaya. Katin shaidar kowane baligi, har da Inna da ke cewa ita wa zai tambaye ta. Takardar haihuwar yara, don ita ce ke kashe gardamar shekaru a teburi, ɗan da ya yi tsawo da wuri ba ya da wata hujja sai ita. In yaron ba naka ba ne, na ƙaninka ne ko na riƙo, kuma za a ƙetare iyaka, a karɓo takardar izinin iyayensa. Da yawanmu a masallaci ko a zaure aka ɗaura mana aure ba mu je magajin gari an rubuta ba, sunan da ke katin mace kuma na mahaifinta ne; wanda yake da takardar aure ya sa kwafinta a jaka, ba ta da nauyi, wata rana a wani shingen ko wani teburin za ta rage maka dogon bayani.

Wanda zai yi ajiya ta intanet ya sa yawan yara da shekarunsu na gaskiya a gurbin da aka tanada. In ka rubuta manya biyu don farashi ya sauko, abin da ka saya ke nan, na manya biyu. Wannan ya fi tsanani in tafiyar ta kai Faransa ko wata ƙasar Turai, inda ɗakuna ƙanana ne kuma jariri ma yana iya shiga lissafi, ba kuma a san "haba ɗana" ba. A Makka da Madina kuwa masu shirya Umra da gado suke sayarwa, ɗaki mai biyu, mai uku, mai huɗu, kowane kai da kuɗinsa.

Da Inna za ta dawo, mun sake zuwa Garwa tarbarta, wannan karon mu bakwai har da ƙanwata da ita Innar. Kafin mu taso na tura wa mai wani mebile saƙo ta WhatsApp, na jera masa mu duka: manya uku, ta huɗu za ta sauka daga jirgi, yaro mai 13, yarinya mai 8, da na goye, kwana uku, ƙasa muke so ba bene ba, 'yan uwa za su zo gaisuwa da rana, nawa ne jimla har da wuta, nawa ne kuɗin ajiya. Ya amsa a rubuce, na ajiye amsar. Wani abokin cinikina da ke unguwar Yelwa a Garwa ya je ya duba, ya ce famfon kicin na ɗiga amma akwai tanki a sama. Jirgin ya yi jinkirin kwana guda, muka ƙara dare ɗaya a farashin da aka rubuta. Ranar fita aka ƙirga kofuna, ɗaya ya ɓace, aka cire sefa 500 daga kuɗin ajiya. Sai da muka wuce Figil 'yar tawa ta fito da shi daga jakar Inna, cike da dabino.